Inda Baba Ya Fara Ganin Inna

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaida duk mai karanta wannan shafi, wanda ya daɗe tare da ni da wanda yau ya faɗo. Saboda baƙi bari in sake gabatar da kaina: sunana Khairiyya, gidanmu yana Kusada, shekarata goma sha takwas, kuma ni ce 'yar fari a wajen Baba da Inna.

A gidanmu har yau ana kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Inna "ke" take ce mini, ko "waccan". Baba kuwa idan yana da saƙo gare ni sai ya tsaya a tsakar gida ya faɗa wa iska: "A ce wa yarinyar nan ta kai wa Dada furarta," alhali ga ni tsaye a gabansa da tsintsiya a hannu. Dada ita ce kakata, mahaifiyar Baba. Ita kaɗai nake iya zama da ita mu yi hira har da tsiwa, in ta zage ni in rama.

Sai kuma Abdurrahim. Malamin gona ne a Kankia, dogo, mai yawan shiru. Cikin ayyukansa akwai wanda ni ban taɓa sanin ana yi ba sai a kansa: auna ruwan sama. Akwai wani gwangwani mai baki kamar mazurari da aka kafa a bayan ofishinsu, kullum da safe sai ya je ya duba abin da ya taru a ciki ya rubuta. Wasu samarin suna turo wa 'yan mata waƙoƙi da hoton fure. Nawa ga irin saƙonsa: "Milimita goma sha bakwai jiya a Kankia. Ya naku?" Ni kuma in amsa: "Namu ya cika bahon wanki ya zube." Kada ku yi dariya, ni na san abin da nake ji idan na karanta.

Da Dada ta kai wa Baba zancensa a farkon damina, Baba bai ƙi ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa. Na nemi makarantar koyon aikin lafiya, to idan sunana ya fito kuma na karɓi gurbina, manyan Abdurrahim su zo. Idan bai fito ba, sai baɗi, bayan na sake nema. Ya ce ba zai ba da 'yar da ba ta da abin yi a hannunta ba. Duk Kusada an san Baba, Malam Jafaru mai gyaran rediyo, in ya faɗi magana sau ɗaya ba ya sake ta.

To ana haka sai na jefa wayata a rijiya.

Ba da gangan ba. Mun je suna garin Dudunni, na ga wata hawainiya a bakin rijiyar gidan, rabin jikinta kore rabi ruwan ƙasa, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta tsaya kamar mai tunanin inda za ta sa. Na sunkuya in ɗauke ta hoto in tura wa Abdurrahim. Sai ji na yi ƙundum. Hawainiyar ko motsi ba ta yi ba. Layin da ke cikin wayar da sunan wani kawuna aka yi masa rajista, shi kuma yana can Kudu wajen ci-rani. Kalmar sirrin shafin makarantar kuma wayar ce ke riƙe mini ita, ni ban taɓa haddace ta ba. Tun daga ranar nake laɓewa da 'yar wayar Dada mai tocila, wadda aka ɗaure bayanta da roba.

Ranar Litinin da hantsi ina wanke-wanke saƙon Abdurrahim ya shigo. Babu zancen ruwan sama.

"An saki sunaye. Kowa ya shiga shafinsa ya duba, in an ɗauke shi ya danna ya karɓa. Za a rufe Juma'a sha biyun rana. Wanda bai karɓa ba a ba na bayansa."

Ko ɗauraye hannu ban tsaya yi sosai ba. Na sa atamfata mai zanen ganyen rogo, wadda aka yi mini riga da siket da Sallah, na ɗora hijabi ruwan toka har ƙasa, na ari silifas ɗin Dada saboda taɓo. Kafin azahar ina Kankia, a shagon kwamfutar Kabo, inda aka cike mini takardar neman makarantar bara. Kabo ɗan unguwarmu ne, katangar gidansu ce ta bayan namu, aiki ya kawo shi nan.

Na gaya masa abin da ya faru. Ya ce abu mai sauƙi, tunda babu layin da za a turo lamba, shafin zai yi mini tambayoyi uku da aka ajiye amsarsu tun bara, in na ci sai ya bar ni in sa sabuwar kalmar sirri. Ya karanta ta farko, ya juya mini ita da Hausa: sunan dabbar da na fara kiwo. Kafin in buɗe baki har ya rubuta.

"Direba," ya ce.

Direba kunkuruna ne, tun ina aji biyu. Ya taɓa ɓata kwana uku na ƙi cin abinci, har aka yi cigiyarsa a lasifikar masallaci bayan sallar la'asar, da sunansa da komai. Har yau akwai tsofaffin da in sun gan ni sai su tambaye ni ya Direba.

Ta biyu, makarantar firamaren da na fara shiga. Ita ma shi ya rubuta, tunda guda ɗaya ce a unguwar kuma tare da ƙannensa muka yi.

Na ce masa, "To wannan wane irin sirri ne, kai kake amsa mini?"

Ya yi dariya ya ce ai waɗanda suka ƙirƙiro tambayoyin nan ba su san garin da kowa ya san sunan akuyar kowa ba. Ya ba ni labarin wata yarinya da ɗan baffanta ya shiga shafinta da irin amsoshin nan, don tsokana kawai, ya sauya mata fannin da ta zaɓa, sai da aka sha wahala kafin a gyara. Ya ce duk tambayar da mai ita ba zai manta ba, to maƙwabcinsa ma ya sani. Wadda maƙwabci bai sani ba kuma, sau da yawa mai ita ma ya manta.

Sai ya karanta ta uku, ya cire hannunsa daga kan kwamfutar.

"A ina mahaifinki da mahaifiyarki suka fara haɗuwa?"

Jama'a, nan take na tuna. Bara Baba ne ya kawo ni a babur ɗinsa. Da aka iso wannan tambaya Kabo ya karanta ta da ƙarfi a gaban Baba, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya yi gyaran murya ya ce wa bango a je a duba masa babur kada yara su taɓa. Na fita da gudu. Abin da ya faru bayan fitata sai yau Kabo ya gaya mini: Baba ya sa shi ya juya baya, ya cire hularsa ya kare allon rubutun da ita, ya danna amsar da yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai shuka.

"Ko harafi nawa ne ba ka gani ba?"

"Ƙeyata ce ta gani."

Ya ƙara mini da gargaɗi. Sau uku kawai ake gwadawa. In an kuskure na uku shafin zai kulle, sai an kai takarda ofishinsu a Katsina, kuma buɗewar takan ɗauki mako biyu. Ni kuwa kwana huɗu gare ni.

A mota ina dawowa ina kallon gero ya yi kai, wake ya rufe ƙasa, ina ta lissafi. Wace 'ya ce za ta tsaya gaban ubanta ta ce, Baba a ina ka fara ganin Inna? Ko 'yar auta ba ta isa ba, balle ni.

Don haka na nufi ɗakin Dada. Na same ta ta miƙe ƙafa a kan buzu tana ɓare dafaffiyar gyaɗa. Da ta ji tambayar sai ta ture kwanon gefe ta gyara ɗaurin kallabi.

"Mi za ki wahal da kanki? Ai ni na haɗa su."

Ta ce a garin Ƙofa ne, wajen bikin ɗiyar ƙanwarta. Ta ga wata yarinya tana rabon tuwo, ba ta zubar ba, ba ta ɗaga ido ba, ta tambaya aka ce ɗiyar mutanen Kunduru ce, sunanta Haulatu. Nan take ta aika aka kira mata Jafaru daga cikin maza, ta nuna masa da haɓa. Ta ce da ba don idonta ba da har yau ubana yana can yana hira da rediyo. Wannan labari na sha jin gutsi-gutsinsa, kuma Dada ta rantse da furfurarta.

Washegari Talata na tura wa Abdurrahim, tunda yana da kwamfutar hannu ta wajen aiki, ba sai na sake zuwa Kankia ba. Na rubuta masa amsa ta farko da ta biyu, ya maido mini: "Direba ai na sani. Limaminku ya ba ni labarinsa tun zuwana na farko." Na ce to ya sa Ƙofa a ta uku. Na zauna a bakin rumbu da wayar a cinya.

"Ya ƙi. Saura biyu."

Da na gaya wa Dada sai ta ce injin ne bai da tarbiyya, a sake danna masa da ƙarfi. Na ce in aka sake ai mun ƙone ɗaya a banza. Ta ce to ita dai ta san abin da ta sani, in na ga dama in je in tambayi uwata.

Kwana na yi ina juya yadda zan yi. Laraba da safe Inna tana zaune gindin bishiyar bedin tsakar gida tana tsinke zogale a faifai, kaji na zagaye da ita. Tana sanye da tsohon zaninta mai ruwan bula da rigar shan iska. Na ɗauko turmi na ajiye nesa kaɗan, na juya mata baya, na zuba gero na fara surfe. Sai da na yi luguden da ya kai ashirin sannan na ce wa taɓaryar, da murya ƙasa-ƙasa, wai makaranta ta ce ba za ta buɗe wa mutum shafinsa ba sai ya faɗi garin da iyayensa suka fara haɗuwa, kuma wai an gwada Ƙofa an ce ba nan ba ne.

Na ci gaba da surfe, gumi na bin bayana, ba na zafin rana ba.

Can sai na ji Inna ta kori wata kaza ta ce mata, "Ke tafi can. Mutane ba su da aiki sai tone-tone. Wanda ya zo cirar gyaɗa Kunduru, gonar baffan mutum, ya yi kwana uku yana cira ba a gayyace shi ba, ai ba a Ƙofa aka fara ganinsa ba."

Ta tashi da faifanta ta shige madafa. Ni kuwa na saki taɓarya na faɗa ɗakin Dada ina dariya ba sauti. Ashe Baba har cirar gyaɗa ya je. Baban da ko gaisuwata da ka yake amsawa. Na rubuta wa Abdurrahim: "Kunduru. Daga bakin mai ita."

Amsar ta daɗe ba ta zo ba. Da ta zo, gajera ce.

"Ya ƙi. Saura ɗaya. Na rufe kwamfutar, ba zan sake taɓawa ba."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Wani saƙon ya biyo baya, ya ce kada in damu, in ma shekara ce zai jira, shi da ya saba jiran hadari. Na san da gaske yake. Amma ni ce ba na son jiran. Shekara guda ina surfe a gidan nan, ƙawayena suna makaranta da fararen kaya, shi kuma yana tsayawa a ƙofar gida da marece kamar baƙo, ba a san matsayinsa ba. Kuma abin haushin, amsar tana nan cikin gidan, tana zaune a zaure tana kwance bayan rediyo.

Dada ta dube ni ta dube ni, sannan ta jawo sandarta. Ina jin ta daga ɗaki ta isa zaure ta tsaya a kan Baba. Ta ce masa ya kulle wa yarinya ƙofa ya haɗiye mabuɗin, ita ta faɗi gaskiya an ƙaryata ta, matarsa ta faɗa an ƙaryata ta, to shi mi ya rubuta, Makka ko Madina? Na ji ƙarar ajiye sukundireba, na ji Baba ya ce lokacin salla ya yi, ya fita. Ranar har aka yi isha'i bai ƙara zama a gidan ba.

Alhamis da safe an kwana ana yayyafi. Ina shara, ya fito da kwandon kayan gyaransa zai wuce zaure. Ya tsaya daidai bedi, ya ɗaga kai yana kallon reshe.

"A ce wa mai auna ruwan nan ya zo da injinsa bayan la'asar."

Ya wuce. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna.

Ku da kuka san al'ada kun san girman wannan. Abdurrahim bai taɓa zama da Baba ba. Iyakarsa ya durƙusa daga nesa ya gaishe shi in sun yi kiciɓis a ƙofar gida. Da na tura masa saƙon, amsarsa ita ce: "Wace riga zan sa?" Na ce shaddar nan ruwan sararin samaniya, da hula zanna, kuma kada ya fesa turare da yawa, Baba yana atishawa.

Bayan la'asar na ji tsayuwar babur ɗinsa. Na leƙa ta hujin ƙyauren da ke tsakanin zaure da cikin gida. Ya cire takalmi tun daga waje, ya shigo da sallama a durƙushe, jakar kwamfutar a rungume kamar jariri. Baba ya nuna masa tabarma, ya ƙi hawa, ya zauna a ƙasa gefenta. Dada ta jawo kujerarta ta zauna a bayana ba kunya ba tsoro. Inna kuma, wadda ba ta taɓa yin tankaɗe a wajen nan ba, yau sai ga ta da rariya da ƙwaryar gari a jikin bangon zaure, wai nan ne babu iska.

Aka daɗe ana gaisuwa. Baba ya tambaye shi ruwan bana, ya ce ya fi na bara da kusan milimita tamanin. Baba ya ce shi ma ya ga alama a dawarsa. Sannan aka buɗe kwamfuta, aka ɗan jira sabis, Abdurrahim ya cike biyun farko ya turo ta gaban Baba. Baba ya cire hula, ya ɗaga yatsa.

Sai Abdurrahim ya yi ƙarfin hali, kansa a ƙasa. "Baba, a gafarce ni. Wannan ce ta ƙarshe. An sa Ƙofa ya ƙi, an sa Kunduru ya ƙi."

Yatsan ya tsaya a sama. "Wa ya ce Kunduru?"

"Daga cikin gida aka ce."

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba, kafaɗun Baba suna rawa, dariya yake yi. Ya mayar da hular kansa, ya ture kwamfutar gefe, ya jingina da bango, wannan bangon dai da Inna ke tankaɗe a bayansa. Da ya fara magana kuma muryarsa ta fi ƙarfin wanda ke zaune kusa da shi.

Ya tambayi Abdurrahim ko ya tuna shekarar da rana ta yi husufi da hantsi har gari ya yi duhu. Abdurrahim ya ce yana ƙarami amma ya tuna, an shigar da su aji an rufe tagogi. Baba ya ce to shi lokacin yana saurayi, yana da ɗan teburin gyaran rediyo da agogo a tashar Kankia. Kwana da kwanaki rediyoyin da ke gabansa suna gargaɗi kada kowa ya kalli rana da ido. Ranar, ana tsakiyar zafin bazara, sai haske ya fara canjawa ya koma kamar ruwan tsamiya. Iska ta yi sanyi. Kajin tasha suka nufi makwancinsu, jemagu suka tashi daga kan itatuwa, direbobi suka kashe mota, masu salati na yi, wasu suka nufi masallaci. Sai wani ya ajiye ƙwarya cike da ruwa a gindin teburinsa, mutane suka taru suna kallon ranar a ciki. Shi ma ya sunkuya.

"Na ga rana ta koma kamar lauje," in ji Baba. "Sannan ta koma zobe. Sannan babu. Na ji tsoron Allah ranar nan. Da haske ya fara dawowa mutane suka watse, ni ban tashi ba. Ruwan ya kwanta. Sai na ga fuska a ciki, daga ɗaya gefen. Da ɗan kunne guda ɗaya, ɗayan kunnen babu."

Rariyar Inna ta daina motsi.

Ya ce bai ɗago ba. Ya kasa. Yana nan sunkuye yana kallon fuskar a ruwa har hannu ya zo ya ɗauke ƙwaryar, ya ga ƙafafu da lalle sun juya sun tafi. Wata shida ya yi yana tambaya a tasha wace ce mai sayar da man gyaɗa mai ɗan kunne ɗaya, har wani kwandasta ya ce masa 'yar Kunduru ce. Shi ne ya je cirar gyaɗar da ba a gayyace shi ba. Bikin Ƙofa kuwa, shi ya roƙi ƙanwar Dada ta sa a ba yarinyar rabon tuwo a ɓangaren da Dada take zaune, don ya san in ba ita ta zaɓa da kanta ba, sai ta sami abin kushewa.

A bayana Dada ta ce, "Kai, ɗan nan." Ta sake cewa, "Shekara goma sha tara ina yi wa mutane alfahari." Na toshe bakina da hijabi.

"Ban taɓa gaya wa kowa ba," in ji Baba. "Da yaron can ya karanta tambayar bara, na ga in na sa sunan gari duk wanda ya san mu zai iya cankowa. Sai na sa gaskiya." Ya nuna kwamfutar da haɓa. "Rubuta. Ƙwarya."

Abdurrahim ya rubuta. Ya dubi Baba, Baba ya gyaɗa kai, ya danna. Ni dai na rufe ido. Ina jin ɗigar ruwa daga indararo, ina jin numfashin Dada a wuyana.

"Ya buɗe," in ji Abdurrahim. Ya yi 'yan danne-danne, ya karanta, sannan ya ce, "An ɗauke ta, Baba. Fannin lafiyar al'umma. Ga wajen karɓa nan."

"To karɓa mata mana, me kake jira?"

Ya danna. Dada ta saki guɗa tun daga cikinta, har kajin suka watse. Ni kuwa na durƙushe a bayan ƙyaure ina dariya ina kuka, ina ta alhamdulillahi, na rasa wanda zan rungume sai na rungume sandar Dada.

Da guɗar ta lafa na ji Baba ya koma muryarsa ta kullum. Ya ce wa Abdurrahim kalmar sirrin da za a sa sabuwa a bar wa mai shafin ta sa da kanta, ta rubuta a takarda ta ajiye inda ba rijiya. Tambaya ta ukun kuma a canja ta, tunda yanzu rabin unguwa ta ji. Sannan ya ɗauki wata rediyo ya juya bayanta kamar zancen ya ƙare. Abdurrahim ya fara naɗe wayoyinsa, ya yi godiya, ya ja da baya zai tashi.

"Ka ce wa manyanka Asabar ta sama ina gida," in ji Baba, idonsa a kan rediyon. "Tunda ka riga ka ji abin da uwata ma ba ta sani ba, ai ba na bar ka ka yi ta yawo da shi a waje ba."

Abdurrahim ya fita a ruɗe. Babur ɗinsa ma sai da ya buga sau huɗu ya tashi. Bai kai bakin titi ba wayar Dada ta yi ƙara a hannuna: "Ban san milimita nawa ba ne wannan. Gwangwanin ya cika."

Na juya in nemi Inna, babu ita a jikin bangon. Ta bar rariyar a kife, gari ya zube a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba. Na tattara na bi ta madafa da ƙwaryar garin. Na same ta a tsugune gaban murhu tana hura wutar da ta riga ta kama, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja, ko kuma ba hayaƙin ba ne. Na ajiye garin zan fita sumsum kamar yadda na saba.

"Mutum da wayonsa," ta ce wa tukunya. "Tashar Kankia faɗinta ya kai gonar gandu. Ga inuwa ko'ina, ga rumfuna. Shekara goma sha tara bai taɓa tambayar kansa ba, me ya sa duk faɗin nan sai a gindin teburinsa aka ajiye ƙwaryar."

Na tsaya cak da hannuna a kan ƙyaure.

Ta gyara itace, ta ɗan leƙa tsakar gida inda Dada ke ta faɗa ita kaɗai, sannan ta turo mini 'yar kujerar tsugunno da ƙafa.

"Turo ƙofar nan," ta ce. "Zauna ki kama mini talgen."